Murhun Gashi na Mutum Huɗu

Ran wata Asabar cikin watan Afrilun 2024, ƙanƙara ba ta gama narkewa a gefen titi ba, wani magidanci ɗan Sakkwato ya tsaya a wani babban kantin kayan gini a bayan garin Miniyafolis da ke jihar Minesota ta Amurka, riƙe da tef ɗin awo. Murhun gashi biyu ne a gabansa, dukansu baƙaƙe, masu siffar ganga a kwance bisa ƙafafu huɗu. Ƙirarsu ɗaya, sai dai ɗaya ya ɗara ɗan uwansa tsawo da inci 12. Ya ɗaga murfin babban ya leƙa, ya rufe, ya koma kan ƙaramin ya yi masa kallon da ake yi wa tunkiya a kasuwar raguna, sannan ya dawo kan babban ya sake ɗaga murfin. Matarsa tana tsaye da keken sayayya wanda ba kome a cikinsa sai ƙwan fitila biyu, abin da ya kawo su kantin ke nan tun farko.

"Abban yara," in ji ta, "mu nawa ne a gidan nan?"

Amsar ba ta buƙatar lissafi. Shi ne, da ita, da yarinya 'yar shekara 11, da yaro ɗan shekara 7 wanda in ya ci cinyar kaza guda an gode Allah. Amma mutumin da ya tashi a gidan da ba a taɓa ƙirga masu cin tuwon dare ba, faɗin "huɗu" da bakinsa yana yi masa nauyi. Ya naɗe tef ɗinsa ya sa aljihu, suka biya kuɗin ƙwan fitila suka fita. Sai da maganar ta kwana 20 a gidan kafin a yanke ta.

Murhun da ake wannan ja-in-ja a kansa ba ya aiki da gawayi, ba ya kuma aiki da gas. Makamashinsa wani abu ne da Amurkawa ke kira felet, wato dusar katako da aka busar aka matse ta da inji har ta fito 'yan guntaye masu kaurin fensir, kamar abincin kifi ko na kajin gidan gona. Ba a sa mata gam. Zafin matsar ne yake narkar da wani sinadari da ke cikin itacen kansa, lignin, shi ke riƙe dusar idan ta huce. Wadda ake gashi da ita daga itatuwa masu tauri ake yin ta, irin su hikori da tuffa da ceri da meskit, kowanne da ƙanshin hayaƙinsa. Meskit ɗin nan na jihar Teksas dangin ƙirya ne, itacen da maƙeran ƙasar Hausa suka daɗe suna yabon gawayinsa. Akan sayar da felet a buhu mai laba 20, kusan kilo 9.

A gefen gangar akwai wani akwati kamar ɗan rumbu, nan ake juye buhun. Daga gindin rumbun wani ƙarfe mai murɗi, irin na cikin injin markaɗe, yana juyawa a hankali yana tura felet zuwa wani ɗan kasko da bai fi gwangwanin madara girma sosai ba, a tsakiyar cikin gangar. Wani ƙarfe da lantarki ke gasawa har ya yi ja shi ke kunna wutar, fanka kuma tana hura ta. A saman kaskon akwai faranti na ƙarfe mai tare harshen wuta, a samansa wani mai karkata wanda kitse ke gangarawa ta kansa zuwa ɗan bokiti a waje, sannan ragar da ake ɗora nama. Wata 'yar na'ura tana auna zafin cikin gangar, in ya sauka ta ƙara turo felet, in ya hau ta dakata. Mai gashi lamba kawai zai zaɓa, ya rufe murfi, ya tafi harkarsa. Sai dai dole a jona shi da lantarki, in wuta ta ɗauke gashi ya tsaya.

Wani mai sana'ar kayan ɗumama ɗaki ne a garin Mount Angel na jihar Oregon, Joe Traeger, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, ya yi masa rajistar mallaka. Dabarar ya aro ta ne daga murhun ɗumama gida mai aiki da felet, wanda ya samu kasuwa bayan tsadar man fetur ta shekarun 1970. Kusan shekara 20 kamfaninsa yana cin kasuwar shi kaɗai. Da wa'adin rajistar ya ƙare sai wasu suka shigo, irin su Pit Boss da Camp Chef da Green Mountain Grills, aka samu girma iri-iri da farashi iri-iri, har zaɓi ya zama aiki.

Duk wanda ya fahimci wannan ƙira zai ga cewa naman da ke kan ragar ba ya ganin wuta. Iska mai zafi da hayaƙi ne ke zagaya shi a cikin rufaffen wuri, tun daga digiri 80 da ɗoriya a ma'aunin Salshiyas har zuwa 230 ko 260 gwargwadon samfuri. In za a nema masa ɗan uwa a gida, tanderun masu gurasa ya fi kusa da shi a kan tukubar mai tsire. Wannan yana da tasiri a kan batun girma, domin a tukuba garwashi kaɗan ake haɗawa in naman kaɗan ne, amma tanderu sai an zafafa cikinsa gaba ɗaya ko gurasa ɗaya za a manna.

Maigidan injiniya ne, don haka da lambobi ya fara. A jikin kwalin ƙaramin an rubuta murabba'in inci 572, a na babban 884. Waɗannan su ne lambobin samfura biyu na Traeger da suka fi yaɗuwa, Pro 22 da Pro 34, kuma sauran kamfanoni suna da masu kusan wannan girma. Da ya zauna da biro sai ya ga lambar haɗi ce. Babbar ragar ƙaramin inci 22 ce a tsaye da 19 a kwance, wato 418. Ragowar 154 na wata siririyar kanta ce da ke sama can ciki, mai faɗin inci 7. Haka babban, 646 a ƙasa, 238 a sama. Kantar saman tana da amfani ga masara ko fukafukan kaza, amma cinyar rago ba ta zama a kanta, kuma in an sa abu mai tudu a ƙasa sai an cire ta. Ko babbar ragar ma ba duka ake mora ba. Gefunanta ta nan zafi ke hawowa, abin da ya kwanta a wurin yakan ƙone, sannan tsakanin yanka da yanka sai an bar ratar yatsa biyu don iska ta wuce, in ba haka ba inda suka haɗu sai ya fito fari kamar dafaffe. Abin da ya rage a ƙaramin, in an yi magana da awon da aka saba, fili ne da bai kai santimita 56 da 48 ba.

Masu talla ba su taimaka masa ba. Su da faifan niƙaƙƙen nama na hambaga suke awo, da jeren haƙarƙari wanda kowa a ƙasar ya san na alade ake nufi. Ƙaramin, in ji su, yana ɗaukar hambaga 24 ko kaji 4. Babu kwalin da ya faɗi cinyar rago nawa za ta shiga. Sai ya je shagon wani Basomale mai naman halal, inda suke sayen nama duk mako, ya roƙi a bar shi ya auna cinya da kafaɗa. Mai shagon ya yi dariya ya miƙo masa. Cinya biyu za su kwanta a ƙaramin in an juya kan ɗaya wajen gindin ɗaya. A babban, uku da ɗan sarari. Ya dawo gida da wannan sakamako a matsayin hujja, ko da yake shi kansa ya san cinya biyu ta fi ƙarfin mutum huɗu har na kwana uku.

Hujjarsa ta gaskiya ba ta cikin takardar. Tana Sakkwato, a ƙofar gidan mahaifinsa, ran Babbar Sallah. A can in an yanka rago an feɗe, buɗe shi ake yi a soke da sanduna a gicciye, a kafa a gefen wata doguwar wuta da 'yan unguwa suka haɗa, raguna a jere suna fuskantar garwashi tun hantsi har dare, kitse yana ɗiga, yara suna kewaye. Mahaifinsa ba mai kuɗi ba ne, malamin makaranta ne, amma ba a taɓa jin wanda ya zo yawon Sallah ya tafi bai taɓa nama ba. Shekara 14 ɗan nasa ya yi a Amurka, 12 daga ciki a gidan haya na bene, inda dokar kashe gobara ta hana kunna wutar gashi a baranda. Duk Sallah sai dai ya ci a gidan wani, ko ya tsaya a dandalin shaƙatawa na gari da faranti na roba a hannu. Ba wanda ya taɓa yi masa gori. Shi ne yake ƙirgawa a ransa. Yanzu da Allah ya ba shi gida mai fili a baya, so yake ran Sallah ya ɗaga murfi mutane su ga nama har ya ba su mamaki. Wannan buri ba abin dariya ba ne, kuma matarsa ba ta yi masa dariya ba.

Ita ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kano, tana aikin dare uku a mako. Abin da take so daga murhun shi ne ta shafa wa kaji biyu yaji da la'asar, ta rufe, ta yi wa yara bitar karatu, ta dawo ta tarar sun nuna. Wani dare bayan yara sun kwanta ta ɗauko kalandar da ke manne a firji, ta bi ta wata-wata. A shekarar da ta wuce sau huɗu suka yi baƙin da suka haura mutum shida: Sallah biyu, da walimar shiga gida, da zuwan ƙaninta daga Shikago da iyalinsa. Sauran kwanakin 360 da 'yan kai su huɗu ne, wani lokaci uku in tana asibiti.

"Ka saya don kwana huɗu, mu biya don kwana ɗari uku da sittin," ta ce. "Kuma mu a Kano soya naman layya muke yi. Ba a taɓa cewa Sallarmu ba ta yi ba."

Ya ce suya daban, gashi daban. Ta ce ta yarda.

Abin da take nufi da biya, wani dattijo maƙwabcinsu ne ya fayyace shi, Bature mai ritaya wanda ke da babban murhu irin wanda maigidan ke sha'awa. Ya saye shi lokacin da 'ya'yansa uku suna gida, yanzu daga shi sai matarsa. Ta kan shingen katako ya yi bayani. A yanayi mai kyau, in ana gashi a hankali wajen digiri 107, murhun yakan ci kusan rabin kilo na felet a awa. In an ɗaga zafin don fatar kaza ta yi ƙaras-ƙaras, sai ya ci ninki biyu ko fiye. Babbar ganga ƙarfenta ya fi yawa, iskar cikinta ta fi yawa, jikinta da zafi ke tsiyayewa ta nan ya fi faɗi, saboda haka ta fi daɗewa kafin ta ɗau zafi, kuma duk ɗaga murfi sai ta daɗe kafin ta farfaɗo. A watan Yuli bambancin ba ya damun kowa. Amma Minesota ce, inda daren Janairu kan sauka ƙasa da digiri 15 ƙarƙashin sifili, ga iska. A irin wannan lokaci na'urar ba ta hutawa, turo felet kawai take yi, har akwai bargo na musamman da ake saya a lulluɓa wa gangar. Dattijon ya ce daga Nuwamba zuwa Maris ba ya kunna nasa, domin ba zai zafafa ɗaki guda don ƙirjin kaza biyu ba.

Akwai wani abu da maigidan ya gano da kansa a takardar bayani, wanda ya ɗan sanyaya masa gwiwa. Rumbun samfuran biyu girmansu ɗaya, laba 18, kimanin kilo 8. Wato wanda ya fi ci bai fi ajiya ba. Ga mai son ya sa kafaɗar rago da tsakar dare ya kwanta, ƙaramin ne ya fi tabbacin kai shi asuba da wuta a kunne. Ga kuma shara. Bayan 'yan gashi sai an fitar da raga da farantai an zuƙe tokar kaskon, an kankare kitse, in ba haka ba wata rana kitsen ne zai kama da wuta. Babban faranti mai tsawon santimita 86 ba ya shiga wurin wanke-wanken kicin. Ƙananan wahalhalu ne, amma irinsu ne ke sa a ce yau dai a bari sai gobe, har kaya ya zama abin rataya tsumma a gareji.

Wannan duka bai hana babban murhu zama daidai ga wasu ba. Gidan da ke karɓar taron ƙungiya duk wata, ko mai gasa na mako guda a rana ɗaya ya zuba a firji, ko mai 'ya'ya samari huɗu, in ya sayi ƙarami zai yi nadama. Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen. Ana sayar da 'yan ƙanana na tafiya, masu murabba'in inci 300 ko ƙasa da haka, kuma mai iyali huɗu yakan ga kamar sun ishe shi tunda naman dare ɗaya yana shiga. Matsalarsu tsawo da tudu. Ƙirjin sa cikakke, wanda mutanen Teksas suka yi suna a gashinsa, yakan kai kilo 6 ko 7 da tsawon kusan rabin mita, kuma yakan ci awa 12 ko fiye a wuta. Talotalon da kowane gida ke gasawa ran Alhamis ta huɗu ta Nuwamba tudu gare shi, a ɗan ƙaramin murhu murfi ba zai rufu ba. Abin da ya kamata a auna shi ne yanka mafi girma da gidan zai riƙa gasawa, sannan a ƙara wurin kwanon dankali ko masara a gefe. Ga mutum huɗu zuwa shida, babbar raga mai murabba'in inci 400 zuwa 500 ita ce ke cika wannan sharaɗi ba tare da ɓarna ba.

Maigidan ya ji duk wannan, ya kuma yarda da lissafin, amma bai sauka ba. Sai matar ta yi masa tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko kaifi: ragon da yake gani a ransa, a ina zai same shi? A unguwarsu ba a yanka a bayan gida. Gona ake zuwa, tafiyar awa guda, ko a ba mai shagon halal kuɗi, nama ya dawo a yanke cikin leda. Ko da zai roƙa a bar masa shi sukutum, feɗaɗɗen rago mai kilo 20 zuwa 30 ya fi santimita 86 tsawo. Babban murhun ma ba zai ɗauke shi ba. Inci 12 ɗin da ake ta jayayya a kansu cinya guda kawai suke ƙarawa.

Ran Lahadi ya kira mahaifiyarsa kamar yadda ya saba. Bayan gaisuwa da tambayar jikoki, ya ba ta labarin cikin raha, yana ɗan neman ta goya masa baya. Inna ta saurara, ta tambayi kuɗin abin, ya juya mata shi zuwa naira, ta yi salati. Sannan ta ce ita ba ta gane ba. Wutar da yake tunawa ai ta rana ɗaya ce. Itacen karo-karo ake yi, sandunan a daji yara ke sarowa, washegari a share tokar wuri ya koma hanya. Babbar tukunyar da ake dafa kai da ƙafa ma ta gidan liman ce, aro ake yi, har yau ba su da irinta.

"Mu da muke ashirin ba mu ajiye murhun Sallah ba," ta ce, "sai kai mai mutum huɗu? Allah ya yi maka albarka, ka sayi na tuwon yau."

Ran Asabar ta gaba suka koma kantin suka ɗauko mai inci 22. Da rarar kuɗin ya sayi ma'aunin zafi mai tsinke da ake soka wa nama, da bokiti mai murfi na ajiye felet, da buhu biyu, ɗaya na hikori ɗaya na ceri.

Watan farko na koyo ne. Kaji sun yi kyau tun ran farko, ya cire su da ma'aunin ya nuna digiri 74 a cikin tsoka, kamar yadda hukumar aikin gona ta Amurka ta shawarta. Tsire kuwa ya ba shi kunya. Ya yanka nama fale-fale, ya tsire a tsinke, ya shafa ƙuli-ƙuli da mai, ya ɗaga zafi har ƙarshe. Abin da ya fito ya nuna, yana da ƙanshin hayaƙi, amma babu wannan ɗan ƙunar baki-baki da garwashi ke yi, ƙulin ya bushe ya zama gari. 'Yarsa ta ce ya yi daɗi, cikin irin muryar da yara ke yi in suna tausayin uba. Girman murhu ba shi da hannu a nan, ko mai inci 34 ne haka zai fito. Sai ya sayi ɗan murhun gawayi mai araha, wanda ake ɗauka da hannu ɗaya, ya ajiye shi gefe don tsire kaɗai. Matar ta ce gida biyu maganin gobara. Sau ɗaya kuma ya bar rumbun a buɗe ruwan sama ya shiga, felet ya kumbura ya koma dusa, ya daskare a cikin ƙarfen murɗin kamar siminti. Yinin Lahadi guda ya yi yana kwancewa yana ƙwaƙulewa.

Babbar Sallah ta kama 16 ga Yuni a mafi yawan masallatan garin. Suka je gona bayan Idi, suka dawo da yamma da nama a kula. Kashi ɗaya ya tafi sadaka ɗanye ta hannun masallaci. Daga abin da ya rage matar ta ɗebi na suya, ta yi shi irin na Kano a babbar tukunya, ya soyu ƙarau ta zuba a bokiti. Taron sai Asabar ta gaba, tunda Litinin kowa yana wurin aiki. Ya gayyaci mutum 12, ya san za a wuce haka. Da ƙaninta da iyalinsa suka ce za su zo daga Shikago, sai ya ƙaro cinya biyu daga shagon Basomalen.

Dabarar da dattijon maƙwabci ya koya masa ita ce ta riƙe ranar. Naman da ya gasu, in aka naɗe shi a takardar alminiyam, aka lulluɓe da tawul aka rufe a kula, yakan yi awa uku zuwa huɗu da zafinsa, har ma ya ƙara laushi. Ke nan ƙaramin murhu yana iya yin aikin babba in an ba shi lokaci. Ya sa kafaɗa biyu bayan sallar asuba, wadda a Minesota a watan Yuni tun kafin ƙarfe 4 take shiga. Da hantsi ya yi nisa suka fito suna zamewa daga ƙashi, suka shiga kula. Cinya biyu suka hau. Ƙanin matar ya zauna gaban murhun gawayi da fifita yana juya tsire, yara suka kewaye shi, dattijon ya turo kujeru shida ta kan shinge, daga baya shi ma ya zagayo da matarsa.

Mutum 19 suka zo. Kafaɗun da cinyoyin farko sun ƙare kafin ƙarfe 6, da shinkafa da waina da soyayyen nama ba wanda ya tashi da yunwa. Amma zubi na uku, cinya biyun da ya ƙaro, bai hau wuta ba sai da la'asar, kuma nama ba ya jin lallashi. Ma'auni ya tsaya a wuri ɗaya kusan awa guda, kamar yadda babban yanka kan yi in ruwan jikinsa ya fara fita yana sanyaya shi. Masu ƙananan yara suka fara sallama wajen ƙarfe 7 da rabi. Ya raka su mota yana cewa saura kaɗan, suna cewa wallahi sun ƙoshi. Wani abokinsa ɗan Zariya ya dafa gangar ya ce, "Injiniya, da ka sani ka ɗauko babban." Da wasa ya faɗa. Maigidan ya yi dariya, amma da ya juya matarsa ta ga fuskarsa, ba ta ce kome ba. Da babban ne, da cinya ɗaya daga cikin biyun nan ta fito tun da rana. Wannan gaskiya ne, kuma ya san ta san haka.

Cinyoyin sun fito ana kiran magariba, ƙarfe 9 da 'yan mintuna, ba kowa a gidan sai su da baƙin Shikago. Su ne mafi kyau da ya taɓa gasawa. Ya tsaya yana kallonsu a kan katako. Matar ta ɗauko wuƙa da takardar alminiyam, ta yanka su kashi huɗu, ta barbaɗa yaji, ta naɗe, ta rubuta sunan gida a kan kowane ƙunshi ta sa a firji.

Da safe ya ɗumama su a murhun, ya sa a kula, ya ɗauki yaron a mota. Gidajen huɗu a unguwanni huɗu suke, tafiyar ta ci musu kusan awa biyu. A kowane gida shi yakan tsaya a mota, ya tura yaron da ƙunshi a hannu biyu, bayan ya maimaita masa abin da zai faɗa. A gida na farko yaron ya manta, ya miƙa kawai ya ruga. A na biyu ya faɗa da Turanci. A na uku matar gidan ta buɗe ƙofa, ya durƙusa kaɗan kamar yadda aka nuna masa, ya ce, "Wai in ji Abba, ga naman Sallah." Ta shiga ciki ta fito da dala biyar ta sa masa a aljihu. Ya dawo mota yana tambayar gida nawa suka rage.